Rabin Taki

Zuwa ga matar Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Wasiƙarki ta same ni. Na karanta ta a tsaye a gindin bene, na hau ɗaki na sake karanta ta a zaune. Kin ce likitoci sun yanke shawarar cire abin da ke ba Yaya murya a maƙogwaro, zai rayu in Allah ya so, amma ba zai ƙara magana ba, balle waƙa. Kin ce ya kafe sai ya hau dandamali sau ɗaya kafin a yi aikin, a zauren da muka fara. Mutanenmu na da kuma duk ƙasa ta rufe musu ido sai mai ganga, don haka kun ɗauko makaɗan haya, waɗanda ba sa buga komai sai da takarda a gabansu. Shi ya sa aka tuna da Auta.

Ban ji haushinki ba. Amma ke abokiyar wasata ce, in ban amayar miki ba wa zan amayar wa? Kin tuna ranar da na sayo littafin koyon rubutun kiɗa? Yaya ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga talibambam a kan igiyar shanya! Auta zai sa jita a makaranta." Aka yi ta dariya, har da ke, kina toshe baki a bakin ƙofa. Ni ne kuwa mai zama gaban rikodar Baba, in danna, in mayar da kaset baya, in sake dannawa, har sai na tsamo kowane kod daga cikin hayaniyar turawan nan masu dogon gashi. Yatsuna ne suka yi kanta. Amma a allon talla suna ɗaya ake rubutawa, Zakara. Mu sauran ko a ƙasan allon ba mu samu wuri ba.

To, ga talibambam nan na aiko. Na yi murmushi da na ga har yau kina kiran waƙoƙin da sunayen da muka laƙaba musu, lokacin da babu wanda ya san abin da turawan ke faɗa: Jirgin Ƙasa, Kukan Gwauro, da ita uwar gayya, Mai Kururuwa. Ki gaya wa makaɗan, haruffan da ke sama su ne kod, wato yadda mai jita zai haɗa yatsunsa. Ɗigon da ke kan layuka biyar ɗin, hanyar murya ce. A shafin ƙarshe na Mai Kururuwa akwai ɗigo ɗaya da ya haye saman layukan duka, har sai da na zana masa guntun layinsa. Carar da ta ba mijinki suna ke nan. Komai na rubuta shi daidai da yadda yake a faifan asali, ban ƙara ba, ban rage ba. Sana'ata ce a nan. Da rana in kwafe wa mutane kiɗa, da yamma in rungumi jita a ɗakin cin abinci na wani otal, inda ƙarar cokali ta fi ni masu sauraro.

Kin tambaya ko zan zo. Takardun zamana a ƙasar nan ba za su bar ni in fita in dawo ba, kin sani. Ko da za su bari, ai ba Yaya ne ya tambaya ba.

Ki gaida mai ganga, ki ce ina jin hannunsa har yau. Ki gaida mai jiki, in zai karɓa.

Mijinki ƙarami,
Auta

*

Auta, mijina da ya gudu ya bar ni,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Yara suna gaishe ka, jikoki ma sun ce a gaida kakan da ke cikin hoto. Takardu sun iso, Allah ya saka da alheri. Malamin kiɗan da muka ɗauko, wani dattijo ne mai tabarau da ke buga kibod, wato piyanon lantarki, ya yi ta juya su yana cewa bai taɓa ganin hannu mai tsabta haka ba. Dariyar da na yi maka a bakin ƙofa kuwa, ka yafe, lokacin amarya nake, ko tari mijina ya yi sai in ga abin burgewa ne.

Amma ba lafiya ba, Auta. Mun yi gwaji a garejin maƙwabcinmu, aka fitar da mota aka jera kujeru. Jirgin Ƙasa ta tafi daidai, sai dai na ga Yayanka yana ta ɓata rai yana taɓa kunne. Da aka zo Mai Kururuwa, ya ja numfashi, ya ɗaga kai yadda ya saba, sai murya ta tsage kamar tsohon zane. Ya ce a sake. Ta sake tsagewa. Mai ganga ya ce, "Zakara, a ɗan sha ruwa mana, ko injin niƙa ana bari ya huce." Ya ce, "Ganga aka ɗauko ka bugawa, ko likitanci?" Sai ya ajiye makirufo a kan kujera ya fita, ko takalminsa bai saka daidai ba.

A gida ya ce mini ko makon jiya ya kai carar nan, shi kaɗai a banɗaki, kuma gaskiya ne, da kunnena na ji. Ya ce ɗayan biyu ne. Ko dai ciwon ya riga wuƙar likita, ko kuma Auta ya ɗaga waƙar da gangan don ya rama. Na ce, "Haba Malam, ɗan'uwanka ne fa." Ya ce, "Ai shi ya sa."

Abin da ya hana ni barci shi ne, ya aika wa likita cewa ba zai kwanta a yi aikin ba sai ya yi carar nan a gaban jama'a. Likita ya kira ni gefe ya ce abin da ke wuyansa ba ya jiran kowa. Ka san taurin kan gidanku, kai ma ba baya ba ne.

Ga roƙona. Malamin ya nuna mini wani ɗan maɓalli a jikin kibod, ya ce in ya taɓa shi kiɗan gaba ɗaya zai sauka ƙasa, masu jita su bi shi, Yayanka ba zai sani ba. Amma ya riga ya ji yadda take a gwaji, zai gane an canza. Saboda haka ka rubuto masa layi biyu kawai. Ka ce kuskure ka yi wajen kwafa, ka gyara. Mu kuma a nan mu sauke masa ita sosai, ya yi cararsa, a tafa masa, ya je ya kwanta a asibiti. Ƙaryar da za ta ceci rai, Allah ma ya san da ita.

Don darajar Inna, Auta. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba.

Taka,
matar Yayanka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, gaisuwar ƙane ga wansa. Yaya jiki? Allah ya sawwaƙe. Na san matarka ce za ta fara buɗe wannan takarda. Ki yi haƙuri, ki miƙa masa, tasa ce.

An ce ka ce da gangan na ɗaga maka waƙa. Ban ɗaga ba. Ban kuma yi kuskure ba, kuma ba zan ce na yi ba. Akwai abubuwa da yawa da nake riƙe da kai a kansu, amma ban taɓa ramawa da alƙalami ba, ba zan fara a kan mara lafiya ba. Ciwon ma bai riga likita ba. Ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, ko da sau ɗaya a rayuwarka ka bar ni in kai aya.

Watannina na farko a ƙasar nan, na je neman aiki wurin wasu makaɗa da ke gwaji a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Bango duk an manna masa kwalayen ƙwai, ga warin taba da jiƙaƙƙen kafet. Shugabansu wani mai ƙiba ne, yana zaune gaban piyano da kofin shayi a kai. Ya ce wace waƙa na iya. Na ce duk wadda ya ga dama, don ka san ni da kunnena, da shi nake taƙama kamar yadda kake taƙama da maƙogwaro. Na ɗaure tsirkiyoyina da ka, yadda na saba, muka shiga Jirgin Ƙasa. Ko layi ɗaya ba mu kai ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Abokina, saita jitarka." Na ce a saite take, piyanonsa ne ya yi sama. Mai buga musu bas, jitar nan mai kaurin murya, ya juya baya yana dariya. Shi mai ƙiban bai yi dariya ba. Ya tashi ya ɗauko faifan asali ya ɗora, ya koma ya danna piyano. Suka haɗu kamar leɓe da leɓe. Ni kaɗai ne a ƙasa.

Rikodar Baba ce, Yaya. Robar da ke juya kaset ta saki tun kafin mu gaje ta, sai take jan ƙafa kaɗan, yadda kunne ba zai kama ba. In kaset ya rage gudu kuwa, sauti sauka yake yi. Duk waƙar da muka koya daga bakinta, ƙasa take da ta gaskiya da rabin taki, wato tazarar da ke tsakanin farin maɓallin piyano da baƙin da ke jikinsa. Da ita na saita jitata, Dogo abokin kiɗanmu ya saita bas ɗinsa da tawa, kai ka ɗora murya a kai. Ba mu taɓa yin kiɗa da mai piyano ba, balle ya tona mana asiri. Bayan na tafi Dogo ya ci gaba da saita kowa da kunnensa har ya rasu. Na san ka sha jin waƙoƙin a rediyo daga baya, amma kai ba ka sauraron wani yana waƙa, jira kake ya gama ka yi taka.

Ma'anar wannan, carar da ake cewa ka kamo baturen nan a kanta, har mutane su hau kan kujeru, ba ka taɓa kai ta ba. Ta ƙasa da ita kake kaiwa. A banɗaki ma ita ka kai makon jiya. Muryarka tana nan inda take, kibod ne ya zo da gaskiya.

Ban samu aikin nan ba. Na fito na bi titi da jita a baya, ruwa yana sauka, ina jin ko ƙahon mota ya fi ni sanin kiɗa. Na daɗe kafin in gyara kunnena, kuma bai gyaru duka ba. Har yau in na farka na yi gunaguni da wata waƙa, a muryar gida take fitowa, sai na taɓa jita in ɗago kaina in daidaita da mutanen nan. Kullum haka. Da ka taɓa rubuto mini ka ce, Auta, me ka tarar a can, da tuni ka sani.

Amma gaskiya ba ta da rabi, bari in cika ta. Na yi kiɗa a bayan mawaƙa iri-iri a nan, masu takardun shaida, masu kai wannan ɗigon ba tare da jijiyar wuyansu ta motsa ba. Ban ga wanda ya sa mai shara ya ajiye tsintsiya ba. Kai na gani da idona. Wannan ba rikoda ce ta ba ka ba.

Yanzu zaɓi naka ne. A jikin kibod akwai maɓallin da ke sauke kiɗa. Ka ce wa malamin ya sauke rabin taki. Ba alfarma aka yi maka ba, ba kuma sata ba ce, muryar da muka yi kiɗa da ita ce tun muna yara, ita mutanen da za su cika zauren suka sani. Ka yi cararka, ka je ka kwanta a yi maka aiki. Kana da mata da ba ta barci. Ni ma wa ɗaya gare ni, ko da bai iya rubuta wasiƙa ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi a sa'a.

Ƙanenka,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, don ba a fasa gaisuwa ko ana fushi. Kuma fushi nake. Layi biyu na roƙa, ka aiko mini da wa'azi. Sai da na ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa, na fito da ita, na mayar, sannan na ga ba ni da ikon hana wa karanta saƙon ƙanensa.

Ya karanta a tsakar gida. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya zauna yana kallon bango har inuwa ta bar shi. Da na kawo abinci ya ce, "Kira mini mai tabarau."

Malamin ya zo da kibod ɗinsa a ƙafaɗa. Yayanka ya ce, "Buga mini ta bature." Ya danna farin maɓalli. "Buga mini tawa." Ya danna baƙin da ke jikinsa. Ya ce a sake. Aka yi ta yi, fari, baƙi, fari, baƙi, har jikanyarmu ta leƙo ta ce motar asibiti ce? Sai ya sunkuya ya sa yatsa a tsakanin maɓallan biyu, ya ce, "Wannan ɗan wurin ne? Ko faɗin yatsana bai kai ba." Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan ƙasa ba komai ba ne. A can sama, katanga ce."

Na yi maza na ce to a sauke mana, tunda Auta ma ya ce halal ne. Ya dube ni, ya ce, "Ina maɓallin?" Malamin ya nuna masa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko filastar da ake liƙa masa bayan allura, ya manne maɓallin da ita, ya danne da babban yatsa. Ya ce, "Duk wanda ya ɓare wannan, ban yafe ba, duniya da lahira. Shekara da shekaru ana tafa mini a kan abin da ban yi ba. Saura mini dare ɗaya, a bar ni in gwada na gaske."

Na ce in kuma ta tsage a gaban jama'a fa? Ya ce, "Sai ta tsage a wurin da ya dace."

Abu ɗaya zan gode maka a kai, shi ma da ƙyar. Da kansa ya je wurin likita ya sa rana. Ya ce ko ya kai ko bai kai ba, washegarin wasan zai kwanta. Yanzu kullum yana gareji, ya rage magana da kowa, yana tara murya kamar mai tara ruwa a rani. In ya ji kunya a gaban mutane, kai da Allah.

Ka yi mana addu'a. Ka kuma riƙa cin abinci, hoton da ka aiko duk wuya ne.

Matar Yayanka

*

Auta,

Salamu alaikum. Ni ne. Kada ka yi mamakin rubutun, a kwance nake, kuma ka san ni da alƙalami ba ma ga maciji.

An yi aiki. Suka ce ya yi kyau. Akwai rami a wuyana, ta nan nake numfashi. Na buɗe baki in ce a ba ni ruwa, iska kawai ta fito. Matata ta sayo mini allo irin na 'yan makaranta. Mai ganga ya zo dubiya, ya ce yau dai zai faɗi magana ya kai ƙarshenta ba a katse shi ba. Na rubuta masa zagi, ya ce bai zo da tabarau ba.

Daren wasan kuwa, zaure ya cika. Wasu da sanda suka zo. Na yi Mai Kururuwa a ƙarshe, filasta tana nan a manne, na duba kafin in hau. Da na zo wurin na rufe ido na saki duk abin da ya rage. Ban ji kaina ba, ihu ya yi yawa. Tsofaffi suka hau kujeru, 'ya'yansu suna riƙe da su.

Kowa ya ce na kai. Matata ta rantse. Mai tabarau ya ce na kai, amma yana faɗa yana goge tabarau. Duk suna sona, shi ya sa ban yarda da su ba.

Ga abin da aka ɗauka a daren nan na sa an aiko maka. Kibod yana ciki, ba ka da uzurin inji. Ka saurara ka gaya mini. Kai kaɗai ne ba za ka ji tausayina ba.

Me ka tarar a can? Ka ga na tambaya.

Yayanka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da aka yi aiki lafiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba matarka ladan jinya.

Na saurara, da jita a cinyata, na mayar baya na sake, kamar da.

Ba ka kai ba.

Amma ba a tsohon wurinka ka tsaya ba. Ka wuce baƙin maɓalli, ka hau, ka tsaya tsakaninsa da farin, ka riƙe a nan har numfashi ya ƙare, ba ta tsage ba. Wurin babu shi a jikin piyano. Na ɗauki alƙalami in rubuta maka shi, na tarar a duk abin da na koya ba ni da alamarsa. Ko kana saurayi ba ka taɓa hawa can ba.

Abin da na tarar a nan kuwa dogo ne. Zan fara rubuto maka shi ranar hutuna, ka tanadi haƙuri.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Auta